Yadda Hanne Ta Karanta Littafin Tulu

Ranar da aka gama bitar malaman aji ɗaya a Kankia, ina neman takalmina a bakin ƙofa, 'yan mata uku suka tare ni. Sababbin ɗauka ne, ko kwalin alli ɗaya ba su ƙarar ba. Ɗaya ta miƙo mani waya ta ce, "Mama Rabi, don Allah ki rubuta mamu sunayen littattafan hoto masu kyau, da waɗanda malami zai karanta ya ƙware. Guda goma ma sun isa." Ta bayanta ta ce ai aji ɗaya ba wuya, hoto ne za a nuna ma yara su yi ta dariya har a tashi. Na dube ta sama da ƙasa na ce Allah ya shirye ki. Motar Kusada tana cika, ban samu na ba su amsa ba. To ga amsar nan, 'ya'yana. Ba jerin sunaye ba ce, don littafin da na sani bara, in kun je nema bana ba lallai ku same shi ba. Zan gaya maku yadda ake gane nagari, da ɓarnar da na yi kafin na gane.

Aikin farko da na koya a wannan sana'a shafen allo ne. An tura ni wata 'yar makaranta can bayan Fakuwa, ajujuwa uku da bishiyar ɗorawa ɗaya. Allon ajina ya koɗe, in ka yi rubutu sai ka matso ka gan shi. Baba Iro, wani tsohon malami da ya kusa ritaya, shi ya fasa tsofaffin batura, ya daka baƙin cikinsu, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya ba ni tsumma ya ce in shafa daga sama zuwa ƙasa. Da ya bushe ya sa na rubuta baƙi ɗaya, sannan ya ce in je can ƙarshen aji in zauna ƙasa. Na ce, "Baba, da zanena sabo?" Ya ce, "Nan yaranki za su zauna, ɗiyata. Zauna ki ga abin da za su gani." Na zauna. Hasken taga ya cinye rabin allon, baƙin da na rubuta ban gan shi ba sam. Duk abin da na karanta a kwalejin ilimi, babu shafin da ya gaya mani haka.

A zango na biyu aka kawo mamu littattafan hoto guda goma sha biyu cikin kwali. Hedimasta ya ƙirga su, ya buga masu hatimi, ya ce tunda na aji ɗaya ne ni zan riƙe. Ya ce mai duba makarantu zai zo ƙarshen shekara, kuma yadda aka kawo su haka yake son ya tarar da su, ko kusurwar shafi ba ta lanƙwashe ba. Akwai wani kabad na katako jingine da bangon ƙasa a ofis. Na jera su ciki, na sa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin gyalena. Kada ku yi dariya, haka ake yi kusan ko'ina a lokacin. Malamar da littattafanta ke ƙyalli ita ce mai kula.

Gaskiyar da ban gaya ma kowa ba ita ce, ni kaina ban taɓa riƙe irinsu ba. Na tashi da littafin karatu mai baƙin zane ɗaya a shafi. In an tashi, yara sun watse, makaranta ta yi tsit sai kukan kurciya a kan ɗorawa, sai in buɗe kabad in zauna bakin taga. Har yau ina jin ƙamshin takardar nan. Akwai na wani kwalekwale da ya kwance daga maɗaurinsa yana bin kogi shi kaɗai, yana wuce garuruwa, mutane na ɗaga mashi hannu. Akwai na raƙumin da ya bi wata har ya manta da ayari. Akwai na wata tsohuwa mai shuka kabewa bisa rufin ɗaki, kabewar ta yi ta girma har tsuntsaye suka yi gari a cikinta. Sai in ɗago in ga inuwa ta kai bakin rijiya, ban san lokacin da la'asar ta yi ba. In mayar, in kulle, in kama hanya, kwalekwalen nan yana tafe a gabana har gida.

Guda ɗaya kaɗai nake kaiwa aji, don shi ruwa ya taɓa bangonsa tun a hanya, ya riga ya lalace a idon hedimasta. Labarin tulu ne. Wata mata ta haƙo yumɓu a bakin rafi, ta gina tulu, ta gasa shi a wuta, jaki ya kai shi kasuwa. Aka saya ma wata yarinya, ta je rijiya ta ciko shi, ta yi tuntuɓe, tulu ya fashe, tana kuka. Shafin ƙarshe kaji ne ke shan ruwa a cikin tsingaro. Kalma biyu ko uku ce a ƙasan kowane hoto. Duk Alhamis nake fito da shi. In ce kowa ya naɗe hannu a ƙirji, in ɗaga littafin sama, in zagaya da shi, wanda ya miƙo yatsa in harare shi. Baba Iro ya leƙo wata rana ya ce, "Malama, wannan littafi ne ko jinjiri?" Na yi kamar ban ji ba.

A cikin yaran akwai Hanne, ɗiyar Liman, mai makarantar allo a unguwar yamma. Da ƙyar Baba Iro ya shawo kansa ya ba da ita, shi ma da sharaɗi. Shekara ɗaya ya bayar. In ya ga amfani ta ci gaba, in bai gani ba ta koma zaure wurin allonta. Kowa ya san in Hanne ta fita, yaran unguwar yamma su goma sha wani abu za su bi ta, don iyayensu ƙafar Liman suke kallo. Ita kuwa Hanne tun da ta zo ba ta buɗe baki ba. Ana kiran suna sai ta ɗaga hannu. Ana bitar baƙaƙe sai ta zuba ma allo ido, leɓenta a rufe. Na yi lallashi, na yi tsawa, na kawo mata alewa. An ce mani a gida ta fi kowa surutu, kuma ta yi nisa a allo. Ni dai zango biyu da rabi ban san kalar muryarta ba, ga shekara tana ƙarewa.

Wata Alhamis da damina ta kankama, ina tsakiyar nuna littafin tulu, hadari ya taso daga gabas. Kafin mu ankara iska ta ɗage kwano ɗaya, ruwa ya fara zuba bisa tabarmin gaba. Na rasa inda zan ajiye littafin, ko'ina jiƙe. Hanne ce kusa da ni, na cusa mata shi na ce riƙe, kada ki bari ya jiƙe. Na shiga jan tabarmi, ina tara bokiti, ina kwashe rajista. Can na lura ajin ya yi shiru, irin shirun da ba a samu a aji ɗaya. Sai ƙarar ruwa bisa kwano, da wata 'yar murya siririya a ƙarƙashinta.

Na waiwaya. Yaran duk sun taru a kusurwar da ba ta zuba, Hanne na tsakiya, littafin bisa cinyarta. Ta buɗe shi ta dama, yadda ake buɗe littafi a zauren babanta, wato daga shafinmu na ƙarshe. Tana cewa, "Kun ga kaji na shan ruwa cikin tsingaro. Da suka ƙoshi suka tafi. Sai tsingaro ya kira 'yan'uwanshi, suka taru suka haɗe, suka zama tulu. Sai tulu ya tashi ya haye kan yarinya, sai ta bar kuka." Ta juya shafi. "Sai ta je ta maida ma rijiya ruwanta. Sai jaki ya zo kasuwa ya ce ma tulu, taho in kai ka gida wurin innarka. Innar ta sa shi kusa da wuta ya ji ɗumi. Ta shafa shi, ta shafa shi, har ya yi laushi. Sai ta kai shi bakin rafi ta kwantar da shi."

Ina tsaye da bokiti a hannu, ruwa na bin gwiwar hannuna, ina jin kamar ni ma ana mayar da ni wani wuri. To ku ji abin da malamarku ta yi. Na ga ɗan yatsanta mai laka bisa farar takarda, na tuna hedimasta, na tuna an koya mamu cewa abu na farko shi ne yaro ya san karatu daga hagu yake farawa. Na ajiye bokiti, na fizge littafin, na juya shi na ce, "Ba haka ake buɗewa ba. Ta nan ake farawa. Duk kin birkita labarin." Yara suka yi dariya, don malama ta ba su izini. Hanne ta dube ni sau ɗaya, ta naɗe hannuwanta a ƙirji yadda na koya masu. Ba ta sake cewa uffan ba.

Baba Iro yana bakin ƙofa ya fake ma ruwa, duk a kan idonsa. Ya jira sai da aka tashi. Yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke ya ce, "Ɗiyata, mi yarinyar nan ta yi ba daidai ba?" Na ce ta baya ta buɗe. Ya ce, "Ta gaban da aka koya mata ta buɗe. Tun tana goye take ganin ana buɗe littafi ta nan, da alwalla, da ladabi. Girma ta ba littafinki. Wata nawa kina neman muryarta?" Ya ƙara da cewa, "Hagu da dama kwana biyu ne ki koya mata. Wanda kika kashe yau ban san kwana nawa zai ɗauka ba." Ya hau kekensa ya bar ni. Wallahi kunya ta kama ni har na kasa cin abinci ranar.

Sati biyar suka rage. Na miƙa mata littafin da hannuna, ta ƙi karɓa. Na ajiye shi kusa da ita na fita, na dawo na tarar da shi yadda na bar shi. Shekarar ba ta zo mamu da sauƙi ba ta kowane gefe. Ruwa ya yi yawa, rafin da ke tsakaninmu da titi yana cika da rana tsaka, ana tashi nake gudu in ƙetare. Zaman bakin taga ya ƙare, sama da wata ɗaya ban taɓa kwaɗon kabad ba.

Mai duba makarantu ya zo saura kwana huɗu a yi hutu. Na kwance makulli daga bakin gyale ina taƙama, na buɗe. Ga su nan jere, bangonsu na ƙyalli. Ya ja na farko, sai bangon ya taho shi kaɗai, jar ƙasa ta zubo bisa takalminsa. Gara ta shigo ta bangon ɗakin, ta huda bayan kabad, ta cinye su daga ciki. Guda goma sha ɗaya. Na tona ƙasar da yatsa, na samo ɗan guntun shafi, hancin kwalekwale ne da shuɗin ruwa kaɗan. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya shiga ajina ya ɗaga wani bango mai hoton raƙumi ya ce, "Yara, wa ya san labarin wannan?" Suka yi ta kallonsa da sha'awa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Takardar tuhuma da aka ba ni daga baya ba ta yi mani ciwon wannan kallon ba. Littafi ɗaya ya tsira, na tulu, don shi yana cikin jakata yana yawo.

Ranar da aka ba da hutu na roƙi Baba Iro ya raka ni gidan Liman. Muka same shi a zaure bayan azahar, alluna jingine da bango. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi. Ya ce, "Malama, shekara ta cika. Na tambayi yarinya abin da ta koyo, ba ta ce mani komi ba. Ina ganin mu haƙura haka nan." Na ce, "Allah gafarta Malam, laifin nawa ne, ba nata ba. Na kawo mata wannan ta riƙe, ko ta dawo ko ba ta dawo ba." Na ajiye littafin bisa buzunsa.

Ya ɗauka, ya yi bisimilla, ya buɗe shi ta dama. Baba Iro ya dube ni, na sunkuyar da kai. Liman ya daɗe yana kallon kajin nan, sannan ya aika a kira Hanne. Ta zo ta rakuɓe jikin ƙofa. Ya ce, "Zo ki gaya mani, mi ke nan?" Ta dube ni. Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Ta matso ta zauna kusa da gwiwar babanta, ta fara a hankali, tsingaro ya kira 'yan'uwansa, tulu ya haye kan yarinya, rijiya ta karɓi ruwanta. Yana juya mata shafi tana faɗi, har aka kwantar da tulu a bakin rafi. Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Ikon Allah. Daga ƙasa aka ɗauko shi, can kuma aka maida shi." Sannan ya ce, "To su 'yan boko ta ina suke farawa?" Hanne ta rufe littafin, ta juya shi, ta buɗe ta hagu, ta ɗora yatsa ƙarƙashin hoton ta ce, "Tu, lu. Tulu." Ta juya. "Ja, ki." Ashe duk watannin nan da leɓenta ke rufe tana kwashewa. Liman ya dubi Baba Iro ya ce, "Iro, in an koma a zo a tafi da ita."

To yanzu ga abin da kuka tambaya. In kun ɗauki littafin hoto, ku rufe rubutun da tafin hannu ku bi hotunan kaɗai. In labarin ya tafi da ƙafarsa, ku ɗauka. In sai an karanta ake gane abin da ke faruwa, ku ajiye, na manya ne aka yi ma kwalliya. Ku ba wani ya riƙe, ku je ƙarshen aji ku zauna ƙasa, in ba ku ga idon jakin ba yaro ma ba zai gani ba. Ku fara da abin da yaro ya sani, akuya, rijiya, ranar kasuwa, sannan ku kawo mashi teku da jirgin ƙasa, don yana da haƙƙin ya yi mafarkin inda bai je ba. Ku guji wanda kowane shafi sai ya yi ma yaro faɗa. Kuma ni har yau sai na bi littafi daga ƙarshe zuwa farko kafin in yarda da shi. In babu littafi, akwai kwalin sabulu da zare da allura. Na ɗinka sun fi hamsin, hotunan da nake zanawa kuwa akuya da kare sai an yi bayani, amma yara ba su taɓa raina su ba.

Littattafan malami kuma, jagorar da ake raba maku a bita ku karanta ta a gida, ba a gaban yara ba. Littafin nan na kwaleji mai bayanin yadda yaro ke girma da yadda yake koyo, wanda kuka haddace don jarrabawa kuka jefar, ku nemo shi bayan kun yi shekara uku a aji. Za ku ga kowane babi da fuskar wani yaro a ciki. Ku sayi littafin rubutu mai ganye arba'in, kullum ku rubuta abu ɗaya da wani yaro ya faɗa ko ya yi. Nawa sun cika buhu, su nake komawa in na rikice. Ku riƙa zama a bayan ajin wanda ya girme ku. In da tsohuwa mai tatsuniya a gidanku, ku saurari inda take tsayawa ta bar yara su matsu. Kabad kuwa, ku bar shi buɗe. Shafin da ya yage ana liƙe shi da ƙaro.

Shekaru na ƙarshe na aikina a wani ƙauye da ake kira Boko na yi su, cikin ƙasar Kusada. Bara da aka buɗe makaranta, wata mata ta shigo riƙe da hannun 'yar yarinya, ta durƙusa ta ce, "Malama, ba ki gane ni ba." Muryar na fara ganewa. Hanne ce, aure ya kawo ta nan, ita ke karanta ma matan unguwarsu takardar asibiti. Ta zaro wani abu daga cikin hijabi, an naɗe shi da leda. Littafin tulu ne, ya yi baƙi, an ɗinke bayansa da zaren buhu, shafin kasuwa ma babu. Ta ce duk 'yan gidansu da shi suka fara, ta ga ya kamata ya dawo aji.

Na zauna ƙasa na miƙa ma 'yar tata. Ta goge hannunta a riga, ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta buɗe ta dama. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, amma wallahi sai da na ji hannuna ya motsa. Na mayar da shi baya na riƙe da ɗayan. Hanne tana kallona. Na ce ma yarinyar, "Ina jin ki. Mi kajin nan ke yi?"